Mabuɗin Asabe a Bayan Bango

Ku kife wayoyin nan a cinya, ku matso kusa. Ga ta nan gare ku, amma ba ta dariya ba ce, ba kuma tatsuniya ba ce. Aiki ne, kuma da wuyana na yi shi.

Na ji abin da kuka faɗa jiya da hantsi, ku 'yan jami'a, kuna zaton gyangyaɗi nake yi. Wai aikin Kaka ai fasa dutse ne da kwaɓa siminti, kowa ya samu guduma ya iya. To madalla. Ni Asabe, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ni na yi wa ɗakunan hoton ƙashi bango daga nan Keffi har Nasarawa. Ku saurara, in na gama sai ku gaya mini ko kowa ya iya.

Aikin da na fara yi tsakuwar gini ce, a bakin hanya, cikin mata kusan ashirin. Kayan aikinmu ba su da yawa: guduma, da zoben tsohuwar taya da ake kafa dutse a ciki don kada ya yi tsalle ya fasa ido, da rariya biyu, mai manyan ido da mai ƙanana, sai kwanon sarki na ɗaukar kaya. A cikinmu akwai wata dattijuwa, Iya Talatu, 'yar ƙabilar Alago ce daga ƙasar da ake haƙo farin dutse. Ba ta hira, ba ta waƙa. Wata rana ta kira ni ta ce in rufe ido in buɗe hannu biyu. Ta ɗora mini dutse a dama, ta ɗora mini a hagu. Girmansu ɗaya, amma na hagu ya ja hannuna ƙasa kamar an rataya masa tulu.

Ta ce, "Buɗe idonki."

Na buɗe. Duk biyun farare ne, ba ka ce ga bambanci.

Ta ce, "Na dama ƙanƙara ce. Buga ta da ƙarfe, ta ba ki wuta. Na hagu shi ne mai-nauyi, 'yan boko na ce masa barayit. Ba ya wuta, ƙusa tana karce shi, in ya fashe sai ya fashe sumul. Daga yau idonki ba shi da aiki. Hannu da wuya su ne malamanki."

Shekara biyu ina bayanta kafin ta yarda in zaɓi dutse ni kaɗai. A cikin kwanon sarkinta akwai layi da ta tsaga da ƙusa, ƙasa da baki da kamar yatsa uku. In garin mai-nauyi ya kai layin nan, mace ɗaya ba ta iya kai shi ka. Dole ki kira 'yar'uwarki ki ce, "Ɗora mini." Yashi kuwa ko kin tula shi ya yi tozo, ke kaɗai kya sure shi. Ranar da ta sallame ni, kwanon ta ba ni, ba ta ba ni komai ba sai shi. Ku riƙe maganar layin nan, za mu dawo gare ta.

Ɗakin hoto na farko da na shiga, a wani asibiti ne da ke faɗaɗa gini. A nan na san Malam Bitrus, mai ɗaukar hoton ƙashi, dogon mutum mai sanyin magana. Na tambaye shi, na ce, "Malam, me ya sa ba a shafe ɗakin nan da yashi irin na kowa? Me za a ɓoye?"

Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauko hoton hannun wata mata ya ɗaga shi a taga. Ya ce, "Mama, duba. Naman hannun bai fito ba, haske ya ratsa shi ya wuce. Ƙashi ya ɗan tare shi. Awarwaron nan na goran ruwa ne, ƙarfe ne marar nauyi, kin ga ya fito dishi-dishi. Zoben nan kuwa azurfa ce, kin ga fari tas, ta tare shi gaba ɗaya. Injin nan haske yake fitarwa wanda ido ba ya gani. Sau ɗaya a kan marar lafiya, amfaninsa ya fi. Amma wanda ke zaune a bayan bango kullum, yana shan sa safe da yamma, shi ne abin tausayi, don ba ya jin zafi bare ya matsa."

Ya ɗora mini rigar dalma da suke sakawa, na ji ta danne mini kafaɗa. Ya nuna mini ƙofar ɗakin, ita ma dalma ce a cikinta. Na ce, "Ashe nauyi ne ke tare shi." Ya ce, "Kin gama karatun, Mama." Wannan shi ne dukan bokon da na yi a duniya, kuma ya ishe ni.

Yanzu ku ji yadda ake shafen, ku da kuka ce kwaɓa siminti ne. Garin mai-nauyi kashi biyu ake yi, mai laushi da mai tsakitsaki, a haɗa su don kada a bar rami tsakanin ƙwaya da ƙwaya. In kin cika ruwa, dutsen ya nutse ƙasan kwano, siminti ya taso sama, birkila ya shafa wa bango ruwan banza. In kin rage ruwa, ya ƙi kamawa. Kuma ko ya yi daidai, ba ya son zama a bango. Nauyinsa ke jawo shi ƙasa. Birkila ya watsa cokali uku, biyu su zubo masa a ƙafa. Sai a bi shi da haƙuri, shafi siriri, a karce, a bar shi ya sha iska, a yayyafa ruwa, a sake wani a kai, har kaurin ya kai yadda aka ce. Gefen ƙofa, kusurwa, ramin wayar lantarki, duk sai na bi da yatsa. Tsaga ɗaya kamar gashi ƙofa ce ga hasken nan. Birkiloli ba sa son ganina. Da sun hango ni da kwano sai ka ji, "Ga mai sa mutum ciwon baya ta iso."

Sai muka shiga muguwar shekara. Damina ta yi yawa, ramukan haƙa suka cika da ruwa, hanyar da motoci ke bi ta yanke. Mai-nauyi ya yi wuyar samu. A wannan shekarar wani likita mai ƙaramin asibiti a nan garin, ba zan kama suna ba, ya sayo injin hoto, ya ba Alhaji Ɗanlami ɗan kwangila aikin ɗakin. Alhaji ya kira ni, ya kira Sunday birkila, mutumin kudu ne da ya daɗe a Keffi, hannunsa na da kyau, bakinsa ba ya hutawa.

Bango biyu ne masu muhimmanci. Ɗaya na kallon baranda. Ɗayan shi ne wanda ake jingina marar lafiya a ɗauki hoton ƙirji, wato inda bakin injin ke fuskanta. A bayan wannan bangon akwai ɗakin yankan kati, kuma a ɗakin akwai Rifkatu, wata yarinya 'yar Agwada, da cikinta na fari. Kujerarta a manne take da bangon. Tun safe har la'asar bayanta na jikinsa.

Ina da ragowar dutse na gaske da na ajiye, muka fara da shi a bangon baranda. Nan na yi kuskure, kuma ba na ɓoye shi: da bangon Rifkatu ya kamata in fara. Dutsen ya ƙare da gama bango na farko. Alhaji ya ce kada in damu, ya samo wanda ke kawowa a niƙe, cikin buhu, ba sai mun sha wahalar guduma ba.

Buhuna suka iso. Gari fari, mai kyau, mai sheƙi. Muka kwaɓa, Sunday ya fara watsawa. Ina jin sa yana waƙa a kan katako. Ya leƙo ya ce, "Mama, yau kwaɓi ya ji magana! Ko ɗaya bai faɗo ba. Wannan dutse na Alhaji oga ne."

Ni kuwa ina can ina cika kwano. Na cika shi ya kai layin Iya Talatu. Matar da ke taya ni ta tafi ɗebo ruwa. Ina tunanin wani abu daban, na sunkuya, na kama, na kai shi ka. Na yi taku ɗaya, na yi biyu, na yi uku. A na huɗu na tsaya.

Wa ya ɗora mini?

Ba kowa. Ni da na haura hamsin a lokacin, na kai kwano cike har layi bisa kaina, ban kira kowa ba. Abin da ban iya ba ina da ƙuruciya.

Na sauke shi. Na ce, "Sunday, sauko."

Ya ce, "Mama, abeg. Yau kaɗai bayana ya huta, kai ka ce sauko?"

Na ce, "Abin da ya sa bayanka ya huta shi ya sa za ka sauko. Ka taɓa ganin mai-nauyi ya zauna a bango ba gardama? An haɗa shi da garin ƙanƙara. Abin da ke ciki na gaske bai kai rabi ba."

Aka kira Alhaji. Ya zo da babbar riga, yana karkaɗa mabuɗin mota.

Ya ce, "Baba Asabe, lafiya aka tsayar mini da aiki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, an cuce ka. Wannan ba mai-nauyi ba ne."

"Wa ya gaya miki?"

"Wuyana."

Leburori suka fashe da dariya. Alhaji ya zaro takarda daga aljihu ya buɗe ta a gaban fuskata. Ya ce, "Ga takardar masu kaya, ga hatimi, ga sa hannu. Kin iya karantawa?"

Na ce, "Ban iya ba. Amma takarda za a shafa a bangon, ko abin da ke cikin buhu?"

Dariyar ta tsaya. Ku sani, Alhaji Ɗanlami ba ɓarawo ba ne. Shi ma sayar masa aka yi. Amma a ce tsohuwa mai fasa dutse ta gane abin da shi bai gane ba, a gaban leburorinsa, wannan ne ya kasa haɗiyewa. Ya ce ranar buɗe ɗaki ta matso, in zan kwaɓa in kwaɓa, in ba zan kwaɓa ba ga hanya. Na ce hannuna ba zai sake taɓa garin nan ba. Na ɗauki kwanona da gudumata na fita.

Amma ban tafi gida ba. Akwai bishiyar mangwaro a ƙofar asibitin, na shimfiɗa buhu a gindinta na zauna. Kwana shida ina zuwa, ina kallo ana shiga da kwaɓi. Suka gama bangon cikin sauri, suka yi masa fenti, ya fi nawa kyau. Masu wucewa suna cewa tsohuwar ta taɓu. Na leƙa tagar kati na ce wa Rifkatu, "'Yata, ɗauke kujerarki daga jikin bangon nan." Ta ce, "Mama, in kai ta ina? Nan Likita ya ajiye ni, ɗakin ma ko juyawa ba a yi." Na tare Likita zai shiga mota. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ya ga takarda, kuma masu na'urar awo za su zo daga Abuja in sun samu lokaci, kafin nan za a fara aiki.

Na ce, "Kafin nan yarinyar nan ta haihu."

Ya ce, "Allah ya sauke ta lafiya, Baba." Ya rufe ƙofar mota.

Rana ta bakwai sai ga Malam Bitrus ya sauka daga kan babur. Ashe shi aka ɗauka zai riƙe ɗakin. Na sha gabansa na gaya masa komai, tun daga layin kwano har waƙar Sunday.

Ya ce, "Mama, ba ni da na'urar awo. Amma akwai dabarar da muke yi. A manna fim ɗin ɗaukar hoto a bayan bango, a sa ƙarfe tsakaninsa da bangon, a kunna inji. In haske ya ratsa, ƙarfen zai fito a hoto. Sai dai ki sani, yau na fara aiki a nan. In na tara mutane aka ga ba komai, ni na sha kunya, ke kuma ba mai sake kiran ki a garin nan."

Na ce, "Tara su."

Aka tara su da azahar: Likita, Alhaji, Sunday, da Rifkatu a bakin ƙofa. Na ajiye gudumata a ƙasa a gaban Alhaji. Na ce, "Ku shaida. In ba a ga komai ba, na bar ta nan. Ba na sake fasa dutse, ba na sake taka wurin gini har in mutu."

Alhaji ya ce, "Mun shaida."

Malam Bitrus ya ce a ba shi ƙarfe. Ya dubi mabuɗin motar Alhaji, Alhaji ya mayar da shi aljihu. Sai na kwance bakin zanena na ciro mabuɗin ɗakina, ɗan ƙarami mai haƙora uku, na miƙa masa.

Ya fara da bangon baranda. Ya manna mabuɗin da fim da salatif, ya kori kowa can nesa, ya juya bakin injin, ya kunna, ya sake kunnawa, ya sake. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba komai. Ya shiga ɗakin wanki ya fito da fim yana ɗigar ruwa, ya ɗaga a taga. Garau. Ana hango ganyen mangwaro ta cikinsa.

Alhaji ya tafa hannu ya ce, "To, kun gani! Ba komai. Baba, a bar mana gudumar."

Na ce, "Wannan bangona ne, Alhaji. Saura naka."

Malam Bitrus ya shiga ɗakin kati, ya janye kujerar Rifkatu, ya manna sabon fim da mabuɗin daidai inda bayanta ke taɓawa. Aka sake fita. Ya kunna sau uku kamar na farko, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya shiga wanki. Wannan karon ya ɗan jima. Sunday ya daina surutu. Da ya fito sai ya miƙa wa Likita fim ɗin.

Likita ya ɗaga a taga. Fim ya yi duhu kamar gindin tukunya, kuma a tsakiyarsa ga mabuɗina, fari fat, da zobensa, da haƙoransa uku. Har lanƙwasar da ya yi ranar da na taka shi ta fito.

Rifkatu ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, a ina ka manna shi?"

Ya ce, "A bayan kujerarki."

Ta shiga, ta ɗauko kujerar da kanta, ta fito da ita baranda ta zauna.

Sunday ya dafa kai ya ce, "Chei! Ni da na ce dutsen oga ne."

Alhaji ya karɓi fim ɗin, ya juya shi gaba, ya juya shi baya, kamar mabuɗin zai faɗo. Likita ya ce, a hankali, "Alhaji, gobe a sassaƙe shi har bulo." Ni kuwa na sunkuya na ɗauki gudumata. Na ce wa Malam Bitrus, "Ba ni mabuɗina, ɗakina a kulle yake."

Gyaran ya ci wata biyu. Na ce ba na karɓar gari a buhu ko daga hannun wa. Da ruwa ya ja baya muka tafi bakin rami ni da Iya Talatu, ta tsufa ƙwarai, sai da aka riƙe ta. Ta zauna a kan dutse ana miƙo mata, tana ɗagawa, tana cewa wannan e, wannan a'a. Muka kawo shi dunƙule-dunƙule muka fasa da hannu. Sunday ya koma kuka da baya, kwaɓi na zubo masa a ƙafa, yana cewa, "Yauwa, ka zubo, haka nake son ka." Aka sake manna mabuɗin, fim ya fito garau. Can daga baya masu na'ura suka zo, suka bi bangon kusurwa-kusurwa, suka ce wane injiniya ne ya yi shi. Aka nuna musu ni a gindin mangwaro ina ɓare gyaɗa.

Yanzu kun ce mini a makarantarku ana haɗa abubuwa iri-iri, garin ƙarfe da roba da gilashi, ana neman wanda zai tare hasken ba tare da nauyin dalma ba. Ku haɗa, Allah ya ba da sa'a. Ban ce ba za ku iya ba. Amma ranar da kwaɓi ya zo muku da sauƙi, kowa na murna, takarda ta yi kyau, to ranar ce za ku tsaya ku tambayi wa ke zaune a bayan bangon.

Ga yadda kowa ya ƙare. Iya Talatu ba ta ga wata damina ba, Allah ya ji ƙanta. Alhaji Ɗanlami bai taɓa ce mini yi haƙuri ba, ko sau ɗaya, amma har ya bar kwangila ba a sauke masa dutse sai direbansa ya kawo mini kwano ɗaya na ɗaga. Sunday ya koma garinsu da baya a lanƙwashe, yakan aiko a gaishe da mai sa ciwon baya. Malam Bitrus ya yi ritaya yana noman doya a wajen Panda, ya ce injinan yanzu ba sa amfani da fim, sai allon kwamfuta. Rifkatu ta haifi 'ya mace, ta mayar da kujerarta jikin bangon, ta zauna a wurin har aka yi mata canjin aiki, 'ya'yanta huɗu, duk ƙalau. In mun haɗu a kasuwa takan ce ni ce na sa ta yi wata biyu tana yanka kati a baranda ruwa na feso mata.

Ni kuwa ga ni, wuya ya karkace, yatsu sun ƙi miƙewa. Nan labarin ya tsaya, ban ƙara masa ko ƙwayar yashi ba. Kwanon yana ƙarƙashin gadona, buhun mai-nauyi yana bayan ƙofa. Wanda ya ce kowa ya iya, ya tashi ya cika shi har layi, ya kai shi ka. Ba mai ɗora masa.